Kwamfutar da Ba Ta Ganin Wata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da azumin shekarar da aka rufe iyaka ba, lokacin da shinkafa ta gagari talaka a Konni. A watan ne nake juyar da waƙoƙin wa'azin marigayi mahaifina daga ajami zuwa boko a wata tsohuwar kwamfuta.

Abu ɗaya ke ɓata mini rai. Duk sa'ad da na zo buɗe fayil, taga ta fito, sai in ga kusa da sunan kowace waƙa an rubuta ranar da aka taɓa ta da kwanan watan nasara. Waƙar Malam mahaifina guda, a ce wai an gyara ta a watan Maris! Na yi ta tone-tone har na mai da shi lissafin Hijira (na yi kwana uku ina ba mutane labarin wannan bajinta, Allah Ya yafe mini).

Ran ashirin da tara ga azumi maƙwabcina Mushe Idi, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ari kwamfutar, ya dawo da ita da yamma. Washegari aka yi Salla. Bayan kwana biyu na buɗe babbar waƙar da ke cikin waƙoƙin, na tarar baiti huɗu sun ɓace. Na duba taga: an taɓa ta ran 29 ga Ramadan. Na ɗauki kwamfutar na iske Mushe Idi a majalisa, cikin dattawa.

"Mushe, amana ke nan? Da azumi a bakinka ka ci baitocin ubana?"

"Malam, mi ya yi zahi? Ni ko ƙofar waƙarka ban bi ba."

"Ga shaida nan, na'ura ba ta ƙarya!"

Ya karɓa, ya mai da kwanan watan na nasara, ya juyo da ita kowa ya gani. Ranar Salla ce, bayan azahar. Ashe mu a gari mun riga lissafinta ganin watan azumi da kwana ɗaya, ita tana can tana azuminta. Nan take na tuna wanda ya cika ciki da tuwon Salla, ya buɗe waƙa, gyangyaɗi ya kwashe shi da gwiwar hannu a kan maɓallai.

Wani tsoho ya ce, "To Malam, kai ka ci baitocin, ka kora da hura."

Har yau ina jin haushin kwamfutar nan. Abin da ba ya fita duban wata, wa ya ba shi izinin faɗin Ramadan? Amma haƙƙin Mushe ya hau kaina. Na bi shi gida ba da haƙuri, ya ce inda aka zubar da mutuncinsa can za a kwashe. Haka na koma majalisa na tsaya da furfurata na roƙe shi gafara, ya yafe. Tun ran nan, kafin in kafa shaida da kowa, sai na tambaye shi ran da ya ɗauki azumi.