Rasuwar Mai Tari, Kwamfutar da Gulma Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da ƙaurin roba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Mai Tari. Ta cika a kan tebur, tana bakin aiki.

Marigayiyar, daga hannun yayana na gaje ta. Mai haƙuri ce. Idan aka kunna ta sai ta yi "kit-kit-kit", ta ja dogon nishi, sannan ta buɗe ido. Ba ta taɓa kai zancena waje ba. Wannan shaidar ba zan yi wa kowa ita a layinmu ba.

Asalin ciwonta nawa ne. Lokacin jarrabawar gama sakandare aka gan ni a bakin famfo ina bitar darasi da ƙarfi ni kaɗai. Daga nan aka ce karatu ya taɓa mini kai. Mai gyaran waya, wanda ya yi alkawarin ɗaukata koyon aiki, ya ce ba zai damƙa mini wayoyin mutane ba, in dawo idan maganar ta kwanta. Sai ya zama dole in san yaushe magana ke kwantawa.

Kawu, tsohon malamin lissafi, ya ce abu ne mai sauƙi. Ya zaro alli ya rubuta layi uku a bayan ƙofata: waɗanda suka ji, waɗanda ba su ji ba, da waɗanda suka gaji da faɗi. Wai gulma kamar mura take, ta hau ta sauka, kafin gashina ya isa aski ta wuce. A lissafinsa duk bakuna tsawonsu ɗaya. Na ce masa bai san matar tela ba.

Ni da marigayiyar muka bi wata hanya. Na gina unguwar a cikinta, kowane mutum ɗigo mai yawo. Ɗigon da ya ji labari sai ya koma ja. Na sa mai aski da bencin jiransa. Na sa matar tela, na ninka mata gudu. Kowane gwaji da amsarsa. Yau maganar ta mutu da wuri, gobe ta kai ga jikokina. Kawu ya ce wannan ɓarnar wuta ce, ba ilimi ba. Na ce nasa ɓata ƙofa ne. Gaisuwarmu ta gajarta.

Na ci gaba da ɗura wa Mai Tari mutane. Ta fara zazzaɓi. Na ɗora ta a kan bulo, na juya mata fankar Umma. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai "fuuu".

Ranar ajali ƙanwata ta dawo daga aike, ta ce ta ga Kawu a gaban shagon aski yana zana lissafinsa a ƙasa. Ashe kullum aikinsa ke nan, daga wannan majalisa zuwa waccan. Kuma lissafin ba ya fahimtuwa sai an faro daga bakin famfo. Wanda ya manta, ya tuna masa. Wanda ya tare kwanan nan, ya sanar da shi. A layukansa uku babu shi kansa. A unguwata ta ɗigo ma babu shi, don ban sa gidanmu ba.

Na sa shi. Ɗigo ɗaya tak. Fuskar Mai Tari ta yi ja gaba ɗaya. Ta yi "tiiit", ta saki hayaƙi siriri, ta rufe ido. Wannan ce amsa ɗaya tilo da na yarda da ita.

Ta rasu ta bar linzami, wato maus, mai ciwon ƙugu, da madannai marasa haƙora biyu, da layi uku a ƙofa waɗanda har yanzu suke cewa an kusa. Ta bar Kawu cikin ƙoshin lafiya. Ta bar ni ba aiki.

Za a fita da ita gobe da hantsi zuwa wurin mai sayen tsoffin ƙarafa. An roƙi masu ta'aziyya kada su tambayi sanadi, kada kuma su tambayi Kawu komai. Umma ta karɓe allin.

Ni zan rungume ta da kaina. Za mu bi ta gaban shagon mai gyaran waya, a hankali, ya gan ni da kyau. Akwai abubuwa da yawa da nake son faɗa mata a hanya. Ba zan buɗe baki ba.