Miyar Inna: Huɗu Bisa Ashirin

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka karanta kayena, wato littafin rubutuna, a asibitin Zinder ba.

Wata shida cikina yana murɗawa, na rame har wandona ya daina sanina. Da aka leƙa hanjina da na'ura (kada ku tambaye ni ta ina), likita ya ce wani kumburi ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma abinci ke tayar da shi. Ya ce in rubuta duk abin da na ci da yadda na wuni har sati uku.

To ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mu da ake ce wa Mushe, shekara ashirin da jan biro a hannu. Ba na iya ganin abu ban ba shi maki ba. Tuwon matata Rabi, sha biyar bisa ashirin. Kunun gyaɗar maƙwabta, sha takwas. Miyar surukata Inna kuwa, wadda ta taso takanas daga Zermu don jinyata, ba mai, ba yaji, ba gyaɗa: huɗu. Har na ƙara a gefe, "Ruwan wanke kwano. A sake aji."

Ranar komawa likita ya ce a shigo da masu dafa mini abinci. Rabi ta shigo, Inna na bayanta, matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba. Likita ya buɗe kaye ya shiga karantawa da ƙarfi, har sharhin gefe bai tsallake ba.

"Mushe, miyar wa ce mai huɗun nan?"

Na duƙufa kallon takalmina. Inna ta ce, "Tawa ce, lokotoro. Ci gaba."

Ya yi ta juya shafi, can ya ɗago. "Duk ranar da ka ba da sha takwas, washegari kana kwance. Gyaɗa ce. Ranakun miyar Hajiya kaɗai ka wuni lafiya. Ga magani, amma miyar nan ita za ka riƙe."

Inna ta gyara mayafi. "Ai an ce in sake aji. Gobe zan koma Zermu."

Kwana uku ina tura dattawa biko kafin ta yarda ta koya wa Rabi miyar. Yanzu kullum ita nake sha, na kuma koyi barin jan biro a lakwal. Inna kuwa, duk zuwanta sai ta tsaya bayan labule ta ce, "Rabi, tambayi Mushe, yau nawa muka ci?"