'Ya'ya Biyar da Na Rubuta wa Ba Modu

Ba zan taɓa mantawa da aikin ƙidayar jama'a da na yi a unguwar Wulari ta Maiduguri ba, kuma gara in faɗa tun yanzu: ni ne da laifi. Na yi shekaru ina rarraba laifin nan, in ba rana kaɗan, in ba gajiya kaɗan, don ya yi mini sauƙin ɗauka. Bai yi ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni saurayi ne mai ilimin elementare, ina zama bakin gidan waya a Maiduguri ina rubuta wa mutane wasiƙa. Da aka ce ana neman masu rubutu don ƙidaya, har da gudu na tafi. Malam Abba, wanda aka ɗora a kanmu, ya tara mu ya ce, "Ƙasa ba za ta san rijiya nawa za ta haƙa ba, ko aji nawa za ta gina, sai ta san mutum nawa gare ta. Ku shiga gida-gida. Abin da maigida ya faɗa shi za ku rubuta." (Ran nan na koma gida ina taku kamar ni zan haƙa rijiyoyin.)

Kwana biyu kawai aikin ya fitar mini da wannan taku. Ka yi sallama, ka tsaya a rana, a ce maigida yana kasuwa. Ka dawo, yana masallaci. Ka sake dawowa, ga shi, amma sai an yi "wushe, wushe", gaisuwar Barebari, an tambayi gajiya, an tambayi zafi, an kawo ruwa. Da ka zo kan yara nawa, sai fuska ta canza. Wani ya ce haraji za a ƙara. Wani ya ce ba a ƙirga yara da baki, amsarsa ita ce "Alhamdu lillahi". Ni kuwa takardata ba ta da gurbin Alhamdu lillahi.

Rana ta huɗu bayan azahar, gida ɗaya ya rage mini a wani lungu. Ƙafafuna sun kumbura, cikina ba komai. Na zube a gindin wata dalbejiya kusa da kantin wani mutumin Kudu, na tambaye shi gidan wane ne wancan mai zana.

Ya ce, "Ba Modu ne. Ya fita, amma yanzu zai dawo. Ka jira, malam."

Ban jira ba. Na je na yi sallama sau ɗaya, irin sallamar da mai yinta ke fatan kada a amsa. Sai na ɗaga kai na hango igiya ta saman zanar, an shanya kayan yara. Na ƙirga, girma biyar daban-daban. Na ce to, me ya rage? Na koma inuwa, na fiƙe fensir, na rubuta wa Ba Modu mata ɗaya, Falmata, da 'ya'ya biyar: Bukar, Kaltum, Ali, Fanna da Mustafa. Shekarunsu ma daga girman rigunan na auna. (Rigunan fa masu maɓallai ne, har da gajeren wando mai aljihu, irin da ban taɓa gani a jikin yaron Wulari ba. Na gani sarai. Sai na ce a raina mutumin yana da hali.)

Da yake a zaune na yi shi, a inuwa, ba mai katse ni, shafin nan ya fi duk sauran tsabta. Shi ya kashe ni. Bayan kwana biyu Malam Abba yana duba takardunmu, ya tsaya a kansa.

"Kun gani? Haka ake aiki. Ku taso mu je gidan nan, in nuna muku yadda ake tabbatarwa."

Muka ɗunguma, shi yana tura kekensa, abokan aikina shida a baya, aka biya aka ɗauki Bulama, mai unguwar. Muna shiga lungun maƙwabta suka fito kallo. Muka tarar da wani dattijo siriri a zaure, yana hura garwashi a dutsen guga, ga tulin kayan yara a ninke gefensa. Nan take na gane. Wanki da guga yake yi wa gidajen Turawa da manyan ma'aikata.

Aka gaisa. Malam Abba ya buɗe takarda. "Kai ne Ba Modu?"

"Ni ne."

"Matarka Falmata?"

"Ita ce."

(A Barno in ka ce Falmata da wuya ka faɗi ƙasa. Har na fara jin ko Allah zai rufa mini asiri.)

"'Ya'ya biyar. Bukar..."

Dattijon ya ajiye dutsen guga.

"Kaltum, Ali, Fanna..."

Sai muka ji kwano ya faɗi a cikin gida, mace ta saki wani irin kuka marar ƙarfi, kamar an toshe baki da zane. Bulama ya ɗaga hannu.

"Malam, tsaya. Gidan nan ba yaro. Uku Allah ya ba su, uku ya karɓa. Bukar da Fanna da ka kira, da ni aka kai su makwancinsu."

Malam Abba ya juyo ya dube ni. "Kai, ina ka samo waɗannan?"

A nan ne wurin da nake so ka san ko ni wane ne. Ƙaryar farko ta gajiya ce. Ta biyu kuwa da hankalina na yi ta. Na ce, "Shi ya faɗa mini, ranka ya daɗe."

Ba Modu ya dube ni. Bai taɓa ganina ba a duniya. Ya dubi takalmana, ya dubi fensirin da ke hannuna, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce da Hausarsa mai nauyin Barebari, "E. Ni na faɗa wa yaro. Tsufa ne, malam, a yi haƙuri."

Ya ɗauki dutsen gugarsa ya ci gaba da aiki. Malam Abba ya ja layi biyar a kan shafina mai tsabta, ya ce mini nan gaba in riƙa lura da tsofaffi. Na ce to. Aka gama ƙidaya, har aka yaba mini, daga baya ma ta dalilinta na samu aikin akawu.

Shi kuwa Ba Modu da ya ɗauke mini kaya, da shi aka bar shi. Magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce kansa ya taɓu, yana ƙirga matattu cikin masu rai. Wasu suka ce, to Bukar da Fanna mun ji, sauran ukun fa? Ai wata mata ya ɓoye a garinsu, Konduga. Wannan ita ta fi yi wa Ya Falmata ciwo, don a gidan biki ma sai a tambaye ta lafiyar Kaltum. Duk ina ji. Shekara uku ina zagaye Wulari ta doguwar hanya, kamar akwai kura a ciki. Abin da na ce na koya a lokacin shi ne, in za ka yi ƙarya kada ka yi ta da kyakkyawan rubutu. Da wannan nake ba abokai dariya, ba tare da na kai labarin ƙarshensa ba.

Wata rana na yi kiciɓis da mai kantin nan a kasuwa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Malamin ƙidaya! Na ce maka ka jira, ba ka jira ba. Ina kallonka ka zauna ka rubuta."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba Modu ya hana ni. Ya ce yaro ne, za a kore shi." Ya saki hannuna. "Jibi zai koma Konduga. Turawansa sun tafi, wanki ya ragu, idonsa ma ba ya gani sosai. In kana da magana, ka yi ta."

Washegari da la'asar na biya gidan Bulama na roƙe shi ya raka ni, na kira mai kanti da duk maƙwabcin da na samu. Muka tarar da Ba Modu yana ɗaure tabarmi. Ya matso da fuska kusa da tawa, ya ƙura ido, sai ya yi 'yar dariya.

"A'a, malam ne? Ka zo ka ƙara mini 'ya'ya? Wancan karo ko ragon suna ba ka kawo ba."

Mutane suka yi dariya, ni na kasa. Na ce ina roƙon a kira Ya Falmata ta tsaya bayan zana inda za ta ji. Da na ji motsinta, na cire hula, na durƙusa a ƙasa. Jawabin da na shirya a hanya duk ya gudu, sai abin da ya zo bakina.

"Jama'a, ku shaida, Baba bai taɓa faɗa mini komai ba, ban ma same shi a gida ba. Kayan wanki na ƙirga, sunayen kuma daga kaina na ƙago su. Hankalinsa lafiya lau, ba shi da wata mata a Konduga. Ni na yi ƙarya, na ɗora masa, na yi shiru shekara uku. Baba, ka yafe mini. Iya, na kira miki sunan 'ya'yanki a bainar jama'a don kawai na gaji da tsayuwa. Ba ni da abin da zan ce. Don Allah ki yafe mini."