Ƙyaure Ba Bango

Jama'a, jiya Talata maƙwabcina Dabo ya ci jarrabawar Turanci, ya kuma rasa jakinsa, duk kafin azahar.

Baturen da ke mulkinmu, Uban Dabara Mai Hular Kwano, Allah ya ƙara masa basira, shi ya hango cewa mu fataken Illela ba abin da muka rasa sai Turanci. Aka kafa mana rumfa a bakin kasuwa, aka turo Malam Mukhtari da doka: wanda ya yi Hausa a rumfar nan korarre ne, wanda ya yi fice kuwa za a ba shi aikin masinja. Dabo ya ƙwallafa rai, har matarsa Tasalla ta fara yi wa mata yanga a bakin rijiya.

Wai sabuwar dabara ce, ba a fassara, abin da ka faɗa shi za ka aikata. Wata uku muna ta "na tashi, na zauna, na buɗe ƙofa, na fita". Da aka lura rumfa ba ta da ƙofa, sai aka ɗoro ƙyaure a raƙumi tun daga Sakkwato, aka kafa mana. Bango kuwa, an ce yana nan tafe.

To, jiya Uban Dabara ya zo ganin ƙoƙarinmu. Ana cikin karatu sai Dabo ya hango jakinsa ya tsinke igiya, da mangalar albasa a baya, ya miƙe hanyar Ƙwanni, ƙasar Faransi. Kowa ya san dabbar da ta ƙetare iyakar nan sai dai labari, shi kuwa ba shi da wani. Ya dube ni, na dube shi. Ba a koya mana "jaki" ba, balle "a tare"!

Sai bawan Allah ya miƙe, ya faɗa da Turanci cewa ya tashi. Rumfa a buɗe ta kowane gefe, amma ya bi ta ƙyaure, ya ce ya buɗe, ya ce ya fita. Uban Dabara ya yi tafi, daɗi ya kashe shi, ya ce a maimaita. Sau uku! Dabo yana buɗe ƙofa yana hawaye, aka ce tsabar son ilimi ne. Wallahi ya ba ni tausayi.

Da aka tashi, ko wutsiyar jaki babu.

"Mi za ni ce ma Tasalla?" in ji shi.

Na ce, "Ka ce mata ta zama matar masinja."

Ya ce, "Wane masinja? Yanzun nan Malam ya ce mini sai mai abin hawa nai aka ɗauka."

Ni dai na ji an ce jakin yana can hannun mutanen Faransi. Wataƙila shi ma an sa shi makaranta, amma na tabbata ba a hana shi kuka da harshen uwarsa ba.