Jan Ruwan Kwalbar Madam

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da na kunyata gidanmu a gaban Nasara ba. Amma tun yanzu in gaya muku, rabin laifin kawai na yarda nawa ne, shi ma don ina da adalci ne na ɗauka.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, ni kuwa ina bazawara, aurena na fari ya mutu na dawo gida. Ubana fatoma ne a Zango, wato mai saukar da fatake. Tun zamanin kakanmu Buzaye masu gishiri da Barebari masu kanwa da Larabawan arewa a gidanmu suke sauka. Ina buɗe ido baƙi na gani. Sai dai ayari ya yi ta raguwa, ɗakunan baƙi suka koma na kaji, Baba ya kan yini a zaure yana kallon hanya.

Ana nan sai kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya gina masaukin baƙi, wanda suke kira kampama. Matarsa, da kowa ke ce wa Madam, ta ce tana son mata su zo su koyi hidimar baƙi. Wadda ta fi sauran za a danƙa mata mabuɗan wurin, kuma daga gidansu za a riƙa ɗaukar hatsi da nama da itace. Baba bai so in je ba. Ni na matsa masa, na ce wannan ce hanyar da sunan gidanmu zai tashi. Ban tsaya nan ba, na je bakin rijiya na shaida wa matan unguwa cewa mabuɗan nan su ɗauka suna ɗaure a bakin zanena, don ba a koya wa 'yar fatoma saukar baƙo. (Ba wanda ya tambaye ni. Ni na kai musu labarin da ƙafata.)

Makarantar, da suke ce wa lakwal, wata rumfa ce a bayan gidan kumandan. Madam na magana, Mamman Tafinta, maƙwabcinmu, yana juya mana da Hausa. Ranar farko ba a koya mana komai ba sai dokoki. Wai a iso kafin a buga ƙararrawa, wadda ta makara ta koma gida. Ba a shigowa da goro a baki. Ba a shafa turare mai ƙarfi. Na haɗiye waɗannan. Sai aka zo kan waɗanda suka tayar mini da hankali: ba a durƙusa wa baƙo, a tsaye ake miƙa masa abu kamar ana ba doki ciyawa. Ba a tambayarsa gajiya, ko mutanen gida, ko yadda ya baro hanya. Kuma in yana cin abinci sai ka tsaya a bayansa ƙiƙam kana kallon ƙeyarsa. A gidanmu wanda ya tsaya a kan baƙo yana cin abinci sai ya sha mari, don ana ajiyewa ne a saki asabari a ba mutum wuri.

Doka ta ƙarshe Madam ta maimaita ta tana kaɗa yatsa: duk abin da za a kai tebur, kada bakin ɗayanmu ya taɓa shi. Na ce wa Mamman ya gaya mata a gidan fatoma ba a miƙa wa baƙo ko ruwa sai mai miƙawa ya kurɓa a gabansa. Mutum ya ratso daji, ya shigo garin da bai san kowa ba, ta yaya zai san ba a zuba masa wani abu ba? Kurɓar nan ita ce amana. Mamman ya dube ni ya ce in bari, ba zai juya wannan ba. Abin da ya faɗa wa Madam ban sani ba, na dai ga ta yi murmushi ta gyaɗa kai.

Muka yi ta koyo. A jera faranti, a jera cokula masu yatsu da marasa yatsu, a ɗauke, a sake jerawa. Akwai wata kwalba da Madam ke cikawa da soɓorodo, mu yi ta koyon tsiyayawa a finjalin gilas ba tare da ɗigo ya taɓa farin ƙyallen tebur ba. A nan ba wadda ta kamo ni. Mai bi mini ita ce Gambo, wata 'yar manoma daga Dogo, wadda ba ta taɓa saukar da ko mai tallan tabarma ba. Ita duk abin da aka ce sai ta ce to. Na raina ta ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Ranar gwaji ta zo daidai da isowar wani babban Nasara daga can bakin teku. Madam ta ce a kansa za a gwada mu, ni aka ba kwalba. Ya zauna cikin fararen kaya fes, ga gemu, ga gajiya a fuskarsa kamar ta kowane matafiyi. Na tsaya ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba, zuciyata tana ta ƙuna. Na tsiyaya jan ruwan nan kamar yadda aka koya mana, ko ɗigo bai zuba ba. Sai na ga ya tsura wa finjalin ido, ya ɗan karkata kai yana dubawa. Na ce a raina, ka ga bawan Allah, tsoro yake ji, kuma ba mai kwantar masa da hankali. Na ce yau Madam za ta ga bambancin wadda aka koya wa da wadda ta gada.

Na ɗaga finjalin a gabansa, na dube shi ido cikin ido don ya shaida, na yi kurɓa. Ba 'yar ƙarama ba kuwa, cikin baki guda.

Jama'a, ba soɓorodo ba ne. Wani abu ne mai tsami da ɗaci kamar an jiƙa tsohon takalmi, ya bi ta hancina ya hau kaina. Ban san lokacin da na feso shi ba. Tun daga gemun mutumin nan har cinyarsa, fararen kayan suka yi jajir kamar an yanka rago a jikinsa. Madam ta miƙe tana zuba yarensu. Kumandan ya rufe baki da ƙyalle, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da finjali, hawaye na zuba, har ina ƙoƙarin goge wa baƙon gemu da bakin mayafina. Mamman ya matso kusa da kunnena.

"'Yar Fatoma, ajiye ki fita. Giya ce."

Giya! Ni da na san giya a tulu take, mai kauri, mai warin da ake ji tun daga nesa, a bayan gari. Wa ya taɓa gaya mini akwai ja, garai-garai, a kwalba? Na fita da gudu, sai a ƙofar gida na lura finjalin mutane yana hannuna. Na wanke baki da toka, na wanke da asawaki, na sake wankewa har dasashina ya yi jini.

Da yamma na tare Mamman a ƙofar gidansa, na ce masa shi Musulmi ɗan Musulmi, ya bar mu muna tsiyaya soɓorodo alhali ya san abin da za a zuba ranar gaske. Ya ce Madam ce ta hana a faɗa, don ta san in iyayenmu suka ji ba wadda za ta sake dawowa.

"Ai shi ya sa aka ce kada baki ya taɓa. Gambo ta ji, ke kika ƙi."

Har yau in na tuna amsar nan sai raina ya ɓaci. A kafa wa mutum doka, a ɓoye masa dalilinta, in ya faɗi a ce shi ne mai taurin kai! (Ina da taurin kai ɗin, amma ba a nan maganar take ba.)

Mabuɗai dai Gambo aka ba. Hatsi da itacen kampama suka koma wani gida. Kafin gari ya waye labari ya game Zango da Birni, an ƙara masa gishiri, wai kwalba guda na shanye na yi wa kumandan rawa. Na daɗe ban je rijiya ba.

Abin da na fi jin tsoro shi ne Baba. Na same shi a zaure na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Ina ta fatan ya dake ni a huta. Can ya tambaye ni ko da gaske ne sai da na kurɓa kafin in miƙa wa baƙon. Na ce da gaske ne, Baba.

"To, kin yi irin na gidanmu," in ji shi. "Sai dai ba a gidanmu kike ba."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, kuma wannan ya fi mini duka zafi.

Yanzu ga ni na tsufa, haƙora sun zube, kuma har gobe ba na miƙa wa baƙo abin sha sai na kurɓa, ba Madam ɗin da za ta raba ni da wannan. Abin da kawai na ƙaru da shi a lakwal ɗinta, tun daga ranar nan ko furar da na dama da hannuna ce, hancina ne ke fara leƙawa kafin bakina ya bi.