Wilin da Ya Riga Mai Shi Shiga Nijar

Wani mutum ne a Jibiya, matarsa Bilki 'yar Maraɗi. Tana da ƙane, Imrana, direba ne mai tsiyar baki. Duk zuwan da mutumin zai yi gaida surukai a kan babur, sai Imrana ya ja shi gaban motarsa.

"Mijin yaya, zo ka gyara hularka a wilina. Ya fi madubin gidanku."

Abin ya daɗe yana cin mutumin. Da damina ta yi kyau ya sayar da wake, ya sayi tsohuwar mota mai fararen wili huɗu. Ya kira Imrana a waya.

"Ran Juma'a ka tsaya a bakin iyaka. Wallahi sai ka ga fuskarka a wilina."

Kwana biyu yana yawo da ita cikin gari, sai ya ga wilin sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya garzaya wurin Dalhatu mai wankin mota.

"Dalhatu, an yi mani sammu."

Dalhatu ya dangwala yatsa ya duba. "Ba sammu ba ne, ƙurar birki ce. Duk takawa ɗaya, takalmin birki ya gogi faranti, gari ya zubo ya manne."

"To mi ne maganinta?"

Dalhatu ya ɗauko gwangwanin kakin goge mota. "Ka wanke wili ya bushe. Ka shafa wanga siriri, ya sha iska, ka goge da tsumma. Ƙura ba ta samun wurin kamawa."

Mutumin ya koma gida ya yi yadda aka ce. Wili suka ɗauki ido. Sai dai tsoron taka birki ya kama shi. In zai tsaya a kasuwa, tun daga masallaci yake sakin totur, mota na rarrafe, masu jakuna na wuce shi suna yi masa sannu. In ta ƙi tsayawa, Bilki ta dira ta sa dutse.

Ta ce, "Malam, ni matarka ce ko karen mota?"

Ran Alhamis ya zauna ya ƙura wa gwangwanin ido. Saura fiye da rabi. Ya buga cinya.

"Dalhatu yaro ne. Yana share rariya, ya bar bakin rijiya. Ina ƙurar take fitowa? Ba daga birki ba?"

Ya kwance tayoyin duka. Ya lafta wa faranti kaki, ya lafta wa takalmin birki, har da ƙari a na gaba don sun fi zubar da gari. Ya mayar da tayoyi. Wajen ɗaure noti ma bai matse sosai ba, kada sifana ta ƙarce masa wili.

Bilki na kallo daga bakin ɗaki. Ta ce, "Gobe ni a motar haya zan tafi. Kaina ke ciwo."

Juma'a da hantsi ya sa babbar riga, ya kama hanyar iyaka. Yau ba rarrafe, ya ba ta wuta. Daga nesa ya hango sandar shinge a kwance, ya hango Imrana can tsallake yana jingine da motarsa. Ya yi murmushi, ya taka birki irin na masu hali.

Mota ta ce ba ta san zancen ba.

Ya sake takawa. Ya taka da ƙafa biyu. Ya ja na hannu, ya ja salati. Masu canjin kuɗi suka watse, mai shayi ya haye teburinsa, ma'aikacin shinge ya yar da sandarsa ya faɗa kwalbati. Mota ta kauce ta nutse cikin tarin buhunan gero, ƙura ta tashi.

Wili ɗaya na gaba bai tsaya ba. Ya fice abinsa, ya bi ta ƙarƙashin sandar shinge, ba wanda ya tambaye shi takarda. Ya gangara yana walƙiya har ya kwanta a gaban Imrana.

Mutumin ya fito ta taga, gero har cikin kunne. Ya ɗaga murya.

"Imrana! Duba da kyau! Akwai ƙura?"

Imrana ya durƙusa, ya leƙa wilin, ya gyara zaman hularsa.

"Babu, mijin yaya. Wili kam ya iso lafiya. Motar sai wani zuwan?"