Alhaji Na-Sin da Yanyawar Bayan Gida

Duk faɗin jihar Maryland, daga Laurel har Bowie, ba a taɓa yin masanin ƙasar Sin kamar Alhaji Nassirou ba. Wannan ba jita-jita ba ce, shi da bakinsa ya tabbatar. A shekarar 2006 ya yi kwana tara cur a birnin Guangzhou na Sin wajen sarin takalman roba, biyu daga ciki yana kwance da gudawa, ya dawo da ilimin da shehunan malamai ke shekara talatin suna nema. 'Yan uwansa 'yan Nijar suka laƙaba masa Na-Sin, ya karɓa hannu bibbiyu. Darakta Janar ne na kamfanin sufuri mai mota ɗaya. Shi ne direba, shi ne mai wanki. Ko tuwo da tsinke biyu yake ci, miyar kuka tana bin hannun riga.

Wata rana 'yarsa Nafissa ta manta littafin da ta aro daga laburare a kujerar bayan motarsa. Labarin ƙirƙira ne na zamanin sarakunan Sin na da. Alhaji yana jiran fasinja a filin jirgi ya buɗe shi, sai ya ci karo da aljanar yanyawa mai wutsiya tara, wadda ke rikiɗa ta zama kyakkyawar mace, ta shiga fada ta juya kan sarki. Mako guda ya yi yana fama da littafin, ƙamus a gefe. Abu ɗaya ya zauna masa a rai: wannan aljana ba ta kula talaka. Sarki take nema, ko gawurtaccen malami.

Nafissa ta ce masa da Turanci ai duk ƙage ne.

"Ke da aka haifa a nan za ki koya mini tarihin Sin?" in ji Alhaji. "Ni da na taka ƙasar da ƙafata!"

Ana nan, wata safiya ya fito filin da ke bayan gidansa da kofin shayi, sai ga yanyawa ja a gindin shinge. Ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta ƙura masa ido. Washegari ta dawo. Alhaji ya zauna ya yi nazari irin na manya. Gidaje arba'in ne a layin. Ga gidan Madam Olive, tsohuwar malamar makaranta, ga na likita, ga na lauya. Me ya sa sai nasa? Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Daga ranar, kullum da safe sai ya saɓa babbar riga, ya kafa hula, ya yi wanka da turare, ya je bayan gida ya harɗe a kujera. Matarsa Hajiya Safiatou tana shirin fita aiki ta leƙo ta taga.

"Alhaji, lafiya? Baƙi za mu yi?"

"Hajiya, akwai jarabawar da ba a yi wa ƙananan mutane. Ki dai taya ni da addu'a."

"To, Allah ya ba da lafiya," ta ce, ta ɗauki makullin mota.

Lokacin kuwa zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan Nijar ya gabato, Alhaji yana takara da Malam Abdou, wani mai gadi marar hayaniya. Sai ya gayyaci 'yan ƙungiya kaf gidansa ranar Asabar da hantsi, su zo su ga ikon Allah. Aka cika bayan gida, aka ci fanke, Alhaji ya miƙe ya gyara murya.

"'Yan uwa, sarakuna uku wannan halitta ta kayar a Sin. Ta tsallako teku, ta ratsa Washington da duk manyan da ke cikinta, ba ta ko waiwaya ba, sai Bowie. Wajen wa? Kwana goma sha ɗaya tana zuwa tana yi mini kallon da ya rusa dauloli, ko gezau ban yi ba. Mutumin da aljana ta kasa juya masa kai, wane ɗan Adam ne zai juya shi?"

Bai rufe baki ba sai ga Madam Olive ta zagayo, tare da wata ma'aikaciyar kula da dabbobi mai suna Martina, riƙe da keji. Ashe tun jiya aka ɗana tarko a lambun Madam Olive. A cikin kejin ga gimbiyar Alhaji a takure.

Alhaji ya daka tsalle. "Baiwar Allah, ki yi hattara! Kin ƙirga wutsiyarta?"

Martina ta duba. "Ɗaya ce, rabinta ma ƙazwa ta cinye. Kuma namiji ne, tsoho tukuf. Maganin ƙazwa za mu kai shi a yi masa."

 Malam Abdou ya yi gyaran murya, cikin ladabi ya tambaya, to me ya sa dabbar take ƙura wa Alhaji ido kullum?

"Ai ba ya gani sosai," in ji Martina. "Hanci yake bi. Kwandon sharar gidan nan ba shi da murfi, shi yake zuwa wa. In ya tarar da wani abu a kusa da kwandon, sai ya tsaya ya shinshina, ya ji ko shi ma na ci ne." Ta dubi inda kujerar Alhaji take, dab da kwandon. "Yallaɓai, a sa masa murfi."

Wani ya ƙware da fanke. Wani ya ce tari ne ya kama shi, ya fita waje ya yi shi har da hawaye.

Alhaji bai karaya ba, manya ba sa karaya. Ya shaida wa jama'a cewa aljanar rikiɗa ta yi don ta ga idon hukuma, kuma duk wanda ya san Sin ya san haka.

Ranar zaɓe aka ƙirga ƙuri'u, Alhaji Na-Sin ya tashi da guda ɗaya tak. Hajiya Safiatou ta ce ko a gaban alƙali za ta rantse ba tata ba ce.